Babi na Shida: Dala Goma Sha Biyu

A watan Yulin 1998 majalisar birnin Los Anjalas da ke jihar Kalifoniya ta yi wata doka wadda, in ka dubi kuɗin da ke cikinta, ba ta kai mutum ya ɓata rai ba. Duk mai gidan haya da ke da sashe biyu ko fiye zai riƙa biyan dala 12 a shekara kan kowane sashe, wato dala ɗaya a wata. Da kuɗin za a ɗauki ma'aikata su bi gidajen haya ɗaya bayan ɗaya, su duba rufi da bango da famfo da wayar lantarki, ko an kai ƙara ko ba a kai ba. Sunan shirin a taƙaice SCEP. A kan wannan dala ɗaya aka ja daga tsakanin masu gidaje da hukumar birni, ba a rabu ba sai a gaban Kotun Ƙolin jihar, a watan Janairun 2001.

Wanda ya tashi a birnin Kano ko Zariya ko Katsina ba sai an yi masa dogon bayani kan wannan ma'aikaci ba. Duba-gari ne. Tsofaffinmu suna ba da labarin yadda gida ke rikicewa in an ce ga shi nan tafe a zamanin En'e: a share tsakar gida, a zubar da ruwan randa kada ya leƙa ya ga 'ya'yan sauro, a rufe bakin masai. Bambancin kawai shi ne namu duba-garin wanda ya tarar a gida shi yake ci tara. Na Los Anjalas kuwa takardarsa sunan mutum ɗaya take ɗauke da shi, wanda ya mallaki ginin, ko da rabonsa da taka ƙofar sashen ya yi shekara uku.

Kafin 1998 birnin ba ya zuwa sai an kira shi. Ɗan haya zai buga waya ya ce rufi na zuba ko ɓeraye sun hana shi barci, sannan a turo mai dubawa. A takarda tsarin ba shi da laifi, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai sanin yoyo daban, faɗinsa daban. Fiye da rabin mazauna Los Anjalas 'yan haya ne, kuma waɗanda ke zaune a gidajen da suka fi lalacewa su ne mafi ƙarancin bakin magana: baƙi daga Meziko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya, wasu ba su da takardar zama, wasu ba sa jin Turanci, dukansu kuma sun san in suka bar wannan sashen ba lalle su sami wani a wannan farashi ba. Mutumin da ke tsoron jami'in shige da fice ba zai kira jami'in gwamnati cikin ɗakinsa don kyankyasai ba. A 1997, zamanin magajin gari Richard Riordan, wani kwamitin mutanen gari da ya binciki ruɓaɓɓun gidajen haya ya fito da rahoton da ya nuna tsarin jiran ƙara bai tsinana abin kirki ba. Shawarar da ta biyo baya ita ce a daina jira. A bi kowa, mai gidan kirki da na banza, kowa kuma ya biya.

A wannan “kowa” ne masu gidaje suka ga abin ƙi. Mai gidan da ke fenti a kan kari, yake kiran mai gyaran famfo tun kafin ɗan haya ya gama ƙorafi, yana ganin an haɗa shi da ɓata-gari an yi musu kuɗin goro. Ƙungiyarsu ta masu gidajen haya ta gundumar Los Anjalas ta garzaya kotu, kuma makamin da ta ɗauka yana da tarihin da ya cancanci a ɗan tsaya a kansa.

A Yunin 1978 mutanen Kalifoniya suka jefa ƙuri'ar raba-gardama kan ƙudurin da aka fi sani da lambarsa, 13, wanda ya ƙayyade harajin gida da fili kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na ƙimar dukiyar. Jagoran wannan yunƙuri wani dattijo ne mai kaifin harshe, Howard Jarvis, wanda a lokacin ma'aikacin ƙungiyar masu gidajen haya ta Los Anjalas ɗin ne. A wajen neman ƙuri'a an kwaɗaita wa 'yan haya cewa in haraji ya sauka, haya ma za ta sauka. Haraji ya sauka. Haya ta ci gaba da hawa. Fushin da ya biyo baya shi ya haifi dokar ƙayyade kuɗin haya ta birnin a 1979, wadda har yau masu tsofaffin gine-gine suke kuka da ita. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Da ƙananan hukumomi suka ga an toshe musu hanyar haraji, sai suka koma wa wasu sunaye: kuɗin kaza, kuɗin hidimar kaza. Jarvis ya mutu a 1986, amma ƙungiyar masu biyan haraji da ke ɗauke da sunansa ta ci gaba da bin sawu, har ta kawo ƙuduri na 218 wanda aka amince da shi a Nuwamban 1996. Abin da ya ce, in aka tattara, shi ne hukuma ba za ta ɗora wa mutum sabon kuɗi saboda kawai ya mallaki gida ko fili ba, sai ta nemi amincewar masu dukiyar ko ta masu zaɓe. An keɓe ruwa da magudanar bahaya da kwasar shara daga wannan ƙuri'a. Ba a keɓe duba gidaje ba. Saboda haka lauyoyin masu gidaje suka ce maganar ba ta da tsawo: dala 12 kuɗi ne a kan gida, ba a yi ƙuri'a ba, doka ta faɗi.

Kotun farko ta kori ƙarar. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba masu gidaje gaskiya. A Kotun Ƙoli, alƙalai biyar cikin bakwai suka juya hukuncin, kuma wanda ya rubuta ra'ayinsu shi ne Stanley Mosk, tsohon da ya hau kujerar tun 1964, ya kuma rasu watanni kaɗan bayan wannan hukunci. Hujjarsa mai sauƙi ce, irin wadda ɗan kasuwar Kwari zai gane nan take. Ya ce a gwada: in mai gida ya sallami 'yan hayarsa ya shiga gidan da kansa, ko ya kulle shi, zai ci gaba da biyan kuɗin? Ba zai biya ba, alhali gidan yana nan a hannunsa. Ashe ke nan ba mallakar ake caja ba, sana'ar ake caja. Ba da haya kasuwanci ne, kuɗin kuma ɗan'uwan kuɗin lasin ne. Mai shari'a Janice Rogers Brown ta ƙi yarda. A ganinta wannan wasa da kalmomi ne da zai buɗe wa hukumomi ƙofar da masu zaɓe suka rufe da hannunsu, domin ba da haya ɗaya ne daga cikin haƙƙoƙin mallaka, ba a raba su.

Ina ganin Mosk ya fi kusa da gaskiya. Wanda ya karɓi kuɗin mutane don ya ba su wurin kwana ya shiga sahun mai gidan abinci da mai motar haya, kuma ba wanda ke mamaki in an zo duba tukunyar wannan ko birkin wancan. Amma tsoron Brown bai tashi a banza ba. Dala 12 ba ta zauna a 12 ba. Ta yi ta hawa har ta kai dala 43.32, ta daɗe a nan, sannan a 2022 ta koma 67.94, duk ba tare da ƙuri'ar raba-gardama ba.

Wannan shi ne ɓangaren rikicin da ya shiga littattafan shari'a. Ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ci wa masu gidaje tuwo a ƙwarya, bai taɓa samun babban hukunci irin wannan ba, domin kullum a ƙananan ɗakunan sauraron ƙorafi yake ƙarewa. Shi ne maganar ɓarnar ɗan haya.

Mu ƙaddara wata dattijuwa ce, ta yi ritaya, ta zuba abin da ta tara a gini mai sashe huɗu. Takarda ta zo mata cewa ranar kaza za a zo duba. Ranar ta zo, mai dubawa ya shiga sashe na uku da allonsa. Ya ga na'urar jin hayaƙi tana reto a silin, ba batir. Ya ga ƙofar banɗaki da rami daidai girman dunƙulen hannu. Ya ga ragar taga a yage, bango ya yi baƙin danshi, ƙarƙashin wurin wanke-wanke kyankyasai na kai da komo. Ya rubuta duka. Bayan 'yan kwanaki umarnin gyara ya iso, da wa'adi, galibi kwana 30, in kuma abin na barazana ga rai ne, kwana biyu. Dattijuwa ta san ita ta sa batir ɗin da hannunta. Ta san ɗan hayar ne ya cire shi don na'urar na damunsa da ƙara duk lokacin da yake suya. Ta san ramin ƙofa ba gara ce ta yi shi ba. Amma mai dubawa bango yake gani, ba ya ganin hannun da ya fasa shi. Ba a aiko shi ya yi shari'a ba, an aiko shi ya rubuta halin da gini ke ciki.

Ta gyara. Kafin ranar dawowar mai dubawa, batir ya sake ɓacewa. Yanzu kuma laifin ya zama na rashin bin umarni, kuma zuwan da za a ƙara yi bayan wannan da kuɗinsa daban, ita za ta biya. A nan ne za ka ji masu gidaje na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kurar su ce, gardin kuma, dangane da wanda ke magana, ko birni ne ko ɗan haya.

Abin mamaki shi ne dokar Kalifoniya kanta ba ta ce ɗan haya ya yi abin da ya ga dama ba. Kundin dokokin mu'amala na jihar, a sashe na 1941.2, ya ɗora masa tsabtace inda yake zaune, zubar da shara yadda ya kamata, amfani da famfo da gas da lantarki ta hanyar da ta dace, da kuma hana kansa da baƙinsa lalata gini. In ya saɓa, kuma saɓawar ce ta jawo lalacewar, ba shi da bakin cewa mai gida ya gyara masa. Wanda ya yi karatun fikihu zai ji kamar ya san wannan magana, kuma ya san ta. A babin haya malamai sun ce hannun ɗan haya hannun amana ne: abin da ya tsufa ko ya lalace ta hanyar amfani na al'ada ba ya biya, sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Fenti ya koɗe, darduma ta suɗe inda ake takawa, wannan na mai gida ne. Ƙofa ta sha naushi, wannan na mai naushi ne. Dokar Kalifoniya a daidai wannan wuri ta ja layinta.

To me ya sa dattijuwarmu ke biya? Saboda shari'a biyu ce, kowace da ƙofarta. Tsakaninta da ɗan haya akwai yarjejeniya, a can ake tambayar wa ya yi ɓarna. Tsakaninta da birni kuwa akwai dokar gini, wadda abin da ya dame ta shi ne kada wuta ta tashi cikin dare ba ƙararrawa. Wutar da ta tashi a sashe na uku ba za ta tsaya a can don ta san mai laifi ba, za ta ci na huɗu inda jariri ke barci. Birni ya zaɓi wanda ke da adireshin da ba ya canjawa da dukiyar da ba ta gudu, ya ce kai za ka gyara, in ya so ka je ka nemi haƙƙinka wurin wanda ya cuce ka. Tana da damar zuwa zaman sauraron ƙorafi ta kawo hujja, amma hujjar cewa wani ya cire batir a cikin ɗakin da ba ta kwana a ciki ba abu ne mai sauƙin kawowa ba.

Ga kuma wani ƙulli. Mai gida a Kalifoniya ba shi da ikon shiga sashen da ya ba da haya don kawai ya ga yadda ake riƙonsa. Doka ta lissafa dalilan shiga: gaggawa, gyara, nuna wa mai son saye ko haya, umarnin kotu, da 'yan kaɗan makamantansu, kuma in ba gaggawa ba sai da sanarwa a rubuce, yawanci ta awa 24. Shi kansa mai dubawa na gwamnati ba ya faɗawa ɗakin mutum da ƙarfi. Wannan ya samo asali ne daga taurin kan wani ɗan haya a San Faransisko mai suna Roland Camara, wanda a Nuwamban 1963 ya hana jami'in duba gidaje shiga wurinsa sai ya ga takardar izinin kotu. Sau uku ana zuwa yana hanawa, har aka kama shi. A 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta ce yana da gaskiya: ɗakin ɗan haya gidansa ne, ba a shiga sai da yardarsa ko da takardar alƙali. Sai dai kotun ta sassauta sharaɗin samun takardar, ta ce ba sai an zargi wannan gida musamman ba, ya isa a nuna ana bin unguwar ne bisa tsari. A kan wannan sassauci shirye-shiryen bin gida-gida irin wannan suka dogara. Ka ga ke nan mutum uku ne a bakin ƙofa ɗaya: mai mabuɗi yana ciki, mai hukunci yana da hanyar shiga, mai ɗaukar alhaki kuma shi ne mafi ƙarancin dalilin leƙawa.

Saura kuɗin ajiya, wanda shi ne ake cewa garkuwar mai gida. A da yana iya karɓar hayar wata biyu a sashen da ba kaya, wata uku in da kaya. Daga 1 ga Yulin 2024 aka mai da shi hayar wata ɗaya, sai ƙananan masu gidaje da aka bar musu wata biyu bisa sharuɗɗa. In ɗan haya ya tashi, mai gida na da kwana 21 ya mayar da kuɗin ko ya ba da lissafin abin da ya cire dalla-dalla, kuma in kotu ta ga ya riƙe da mugun nufi tana iya cin sa tarar da ta kai ninki biyu na ajiyar. Daga 2025 ma sai da hotuna, na kafin gyara da na bayansa. In ɓarna ta fi ajiya, sai ƙaramar kotu, inda mutum ke iya neman har dala 12,500 kuma lauya ba ya tsaya masa. Zai iya yin nasara. Karɓo kuɗin daga wanda ya riga ya bar gari, wannan wani aiki ne. Kuma duk wannan sai bayan ɗan haya ya fita, alhali umarnin gyara yana zuwa ne yana ciki.

Sandar da masu gidaje suka fi tsoro ita ce shirin da ake kira REAP. Ginin da aka yi ta ba shi umarni bai gyaru ba sai a jefa shi ciki. Daga nan a rage wa 'yan haya kuɗin haya, daga kashi 10 har zuwa 50 cikin 100 gwargwadon munin abin, kuma a ba su zaɓin zuba sauran a asusun da birni ke riƙe da shi maimakon hannun mai gida. Ana sakin kuɗin ne don gyara. Ga mai gine-gine hamsin da ya mai da ruɓa hanyar riba, wannan ita ce maganar da yake ji, kuma ban ga abin tausayi a kansa ba. Ga dattijuwa mai sashe huɗu da bashin banki a wuya, wata uku a wannan hali na iya raba ta da ginin. Wanda zai saya kuma sau da yawa kamfani ne mai lauyoyi, wanda ya fi ta iya zama da hukuma, ya kuma fi ta iya fitar da ɗan haya.

Ba zan ɓoye inda na karkata ba. Na sha jin koken masu gidaje, kuma akwai gaskiya a ciki, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. “Ɗan haya ne ya ɓata” ita ce amsar farko a bakin mai gidan kirki, ita ce kuma amsar farko a bakin azzalumi. Baƙin danshin bango, mai gida zai ce ba a buɗe taga, ɗan haya zai ce bututu ne ke tsiyaya a cikin bango tun bara. Kyankyaso da kuɗin cizo ba sa nuna takardar sashen da suka fito. Da birni zai ce ba za a gyara ba sai an gano mai laifi, da rabin gidajen ba za su gyaru ba har abada, kuma waɗanda za su kwana cikin ruɓar su ne mutanen nan da tun farko ba sa iya buga waya. Inda nake ganin an gaza shi ne wurin awo. Mudu ɗaya ake auna wa mai sashe huɗu da mai sashe dubu huɗu, kuma hanyar da aka bar wa ƙaramin ya bi haƙƙinsa doguwa ce, mai tsada, ba ta kuma buɗewa sai bayan ya riga ya biya. Jami'ar Harvard ta ba shirin SCEP lambar yabo ta ƙirƙira a aikin gwamnati a 2005. Ban ce bai cancanta ba. Na dai lura cewa masu ba da lamba sun fi ƙirga gidajen da aka gyara, ƙirga waɗanda aka sayar kuwa ba aikin kowa ba ne.

Akwai wani abu da na ajiye sai yanzu. Kuɗin duban nan da aka kai har Kotun Ƙoli a kansa, wanda kotu ta ce kuɗin sana'ar mai gida ne, birni ya yarda mai gida ya ɗora wa ɗan haya shi. Lokacin da yake dala 43.32, mai gidan da ya biya yana iya karɓo shi duka, dala 3.61 kowane wata a kan haya. Da aka ɗaga shi a 2022, kansiloli suka ce a raba biyu. Tun daga nan, a takardar hayar mutumin sashe na uku, wanda ya cire batir, da ta maƙwabciyarsa mai jariri, wadda ba ta cire komai ba, akwai ɗan layi guda a ƙasa: dala 2.83.